Denis Burkitt (1911-1993): Likitan da Ya Bi Sawun Cuta da Taswira

Gabatarwa

Ba kasafai ake samun mutum guda ya yi suna sau biyu a fagen ilmi ba, balle a kan abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Likita Denis Parsons Burkitt yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka sami haka. Likitocin yara sun san shi saboda wata sankara da ke kama muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu zafi da ruwan sama, wadda har yau da sunansa ake kiranta. Masana abinci kuwa a kan dusa suka san shi, don shi ne mutumin da ya shafe fiye da shekara 20 yana zaga duniya yana gaya wa Turawa cewa sun cuci hanjinsu da suka tace garinsu sarai. Da yake sunan mutum ɗaya ne ke bisa abubuwan nan biyu, sau da yawa akan gwama su, har a ɗauka cewa ya koyar da mutane abinci na warkar da wannan sankara. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi rayuwarsa daki-daki, a ga yadda ya kai ga kowannensu, sa'an nan a duba inda abinci ya shiga zancen rayuwar masu wannan ciwo, da inda bai shiga ba.

Amma kafin nan ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da limfoma. Kowa ya san kaluluwa, watau ɗan ƙullutun nan da kan taso a hammata ko a matsematsi idan mutum ya ji ciwo a hannu ko a ƙafa. Irin waɗannan ƙullutai suna nan birjik a jiki, kuma su ne masaukin wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Idan waɗannan ƙwayoyi suka kangare, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, to, shi ne limfoma, ko mu ce sankarar kaluluwa. Iri-iri ce. Wata tana tafiyar hawainiya shekara da shekaru. Wadda ke ɗauke da sunan Burkitt kuwa tana cikin mafiya sauri da aka sani a jikin ɗan Adam, don ƙwayoyinta na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin Ailan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniya ne mai kula da hanyoyi da gadoji na lardinsu, amma abin da ya sa ake tunawa da shi dabam ne. Mutum ne mai sha'awar tsuntsaye, kuma yana cikin na farko da suka riƙa ɗaura wa ƙananan tsuntsaye zobba a ƙafa don a rarrabe kowane ɗaya da ɗan'uwansa, sa'an nan ya zana a taswira iyakar filin da kowane tsuntsu ya mallaka. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamakin abin da ɗan ya zo ya yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yana ɗan shekara 11 aka yi wata hatsaniya ta 'yan makaranta, dutse ya same shi a tabarau, ya rasa idonsa na dama. Bai kasance cikin zaƙaƙuran ɗalibai ba. A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity ta Dublin da niyyar karanta aikin injiniya kamar mahaifinsa, amma bai daɗe ba ya sauya zuwa aikin likita. Shi Kirista ne mai tsananin riƙon addini, kuma ya ɗauki wannan sauyi a matsayin kira ne aka yi masa. Akwai kuma wani baffansa da ke aikin likita a Nairobi. Ya gama a 1935, ya sami shaidar ƙwarewa a aikin fiɗa daga Edinbara a 1938.

Burinsa shi ne ya yi aiki a Afirka, amma da ya nemi Ofishin Mulkin Mallaka ya ɗauke shi sai aka ƙi, kuma rashin idon nan yana cikin dalilan da aka kawo. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa. Ya shiga rundunar likitocin sojan Ingila a 1941, aka tura shi Kenya da Somaliya, daga baya har Silon, ƙasar da yanzu ake kira Siri Lanka. A 1943 ya auri Olive Rogers, wata ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya'ya mata uku. Da yaƙi ya ƙare, tun da an ga mai ido ɗaya ya yi wa soja fiɗa shekara da shekaru ba a sami wata matsala ba, sai aka karɓe shi. A 1946 ya sauka Yuganda.

Lira da Mulago

Garin Lira, a ƙasar Lango ta arewacin Yuganda, can aka fara kai shi. A nan ne halin mahaifinsa ya fara bayyana a jikinsa. Ya lura cewa yana yawan yi wa maza fiɗar gwaiwa, sai ya shiga tambayar kowane majinyaci daga ina ya fito. Da ya jera amsoshin sai ya ga akasarinsu daga gabashin lardin suke, yamma kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ya buga wannan a 1951. Abin ba wani babba ba ne, amma hanyar da ya bi ita ce dai wadda zai bi har ƙarshen ransa: ka tambayi inda cuta take, ka tambayi inda ba ta, sa'an nan ka nemi abin da ya bambanta wuraren biyu. Bayan kamar shekara biyu aka mai da shi Asibitin Mulago a Kamfala, inda ɗaliban likitanci na Makerere ke koyon aiki.

A 1957 abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama, haƙora duk sun yi girgiɗi. Burkitt bai taɓa ganin irin wannan ba, ya ɗauki hoto, ya ɗauka abin al'ajabi ne na sau ɗaya. Bayan 'yan makonni yana ziyarar aiki a Jinja sai ga wani yaron da irin kumburin nan sak, kuma shi har da ƙari a ciki. Nan take ya koma ya tone tsofaffin takardun asibiti. Abin da ya gano shi ne, ƙarin da ake rubutawa da sunaye dabam-dabam, na ido dabam, na ƙoda dabam, na muƙamuƙi dabam, na ƙwan mahaifar 'yan mata dabam, ashe duk cuta ɗaya ce ke ɓullowa a wurare da yawa. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila. Kusan ba wanda ya kula.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, ba shi ne ya fara ganin ciwon ba. Likita Albert Cook na Asibitin Mengo ya rubuta irinsa tun farkon ƙarni na 20, iyayen yaran kuwa sun riga kowa saninsa. Kuma ba shi ne ya gane cewa limfoma ce ba. Masu binciken tsoka da madubin likita, Gregory O'Conor da Jack Davies, su suka tabbatar da haka. Abin da yake nasa shi ne haɗa abin da ke warwatse, da kuma nacin tambaya.

Doguwar Tafiya

Da 'yan kuɗin taimako da ba su wuce fam 25 ba ya buga takardu masu ɗauke da hoton yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina cikin Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin haka. Duk amsar da ta zo sai ya kafa allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. Sannu a hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga gabas zuwa yamma, da wata jela da ta gangara gefen tekun gabas har Mozambik.

To, amma gani ya kori ji. A watan Oktoba na 1961 shi da abokansa biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, dukansu likitocin da suka daɗe a karkarar Afirka ta Gabas, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford suka nufi kudu. Sun yi mako 10 a hanya, sun ci mil wajen 10,000, sun ratsa Tanganyika da Rodeshiya da Niyasaland da Mozambik har Afirka ta Kudu, sun shiga asibitoci fiye da 50. Duk inda suka sauka hoto suke nunawa, su buɗe littattafan asibiti, su tambayi daga wane ƙauye yaran suka fito. Kuɗin tafiyar duka bai kai fam 1,000 ba. Niyyarsu ita ce su sami bakin iyakar ɗamarar nan, watau inda ciwon ya tsaya, kamar yadda likitan fiɗa kan nemi inda ƙari ya ƙare lafiyayyar tsoka ta soma.

Abin da suka samu ya fi abin da suka je nema. Iyakar ba layi ba ce a miƙe, tana bin tudu da kwari ne. Kusa da tsakiyar duniya ba a cika ganin ciwon a wurin da ya haura ƙafa 5,000 bisa teku ba. In an gangara kudu sai iyakar ta sauko zuwa ƙafa 3,000, can ƙasa kuma sai a bakin teku da kwarin koguna kaɗai. Tsaunukan Ruwanda da Burundi cike suke maƙil da jama'a, amma ciwon ya yi ƙaranci. Alexander Haddow, masanin ƙwari da ke cibiyar bincike ta Entebbe, shi ya taimaka aka gane cewa ba tsawon tudun ne ke hana ciwon ba, sanyinsa ne: duk inda sanyi kan sauka ƙasa da awo 60 a ma'aunin Faranhait, ciwon ba ya zama. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma sai ya sami rabi na biyu na amsar. A kudancin Nijeriya, inda ruwan sama ya yawaita, ciwon ya yi yawa, amma a kewayen Kano, duk da cunkoson jama'a, kaɗan aka nuna masa. Haka kuma a Gana, busasshen yankin Ankara bai kai dazuzzukan da ke bayansa ba. Sai ya yanke cewa inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba, ciwon ba ya yawa. Sai dai a lura, lissafin nan na waɗanda suka isa asibiti ne a wancan zamani. Rahotannin da suka fito daga asibitocin koyarwa na Zariya da Kano a shekarun baya sun sa wannan ciwo cikin manyan sankarorin yara a Arewa.

Zafi da laima, wannan ai taswirar sauro ce. Burkitt da Haddow suka zaci wata ƙwayar cuta ce ta bairas da sauro ko wani ƙwaro ke ɗauka daga yaro zuwa yaro. Zaton nan rabinsa daidai ne, rabinsa kuskure, kuma yadda aka warware shi abin sha'awa ne. Ran 22 ga Maris, 1961, tun kafin tafiyar, Burkitt ya yi lacca a Asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai wani masani mai suna Anthony Epstein, wanda ya roƙi a riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin ta jirgin sama daga Kamfala. Ya yi kusan shekara uku yana nema bai ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da wani jirgi zuwa Mancesta, saƙon ya makara, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da aka duba sai aka ga ƙwayoyin sankarar ne suka saki jiki suna yawo a raye. Daga nan aka iya renonsu, kuma a 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ba da sanarwar bairas ɗin da yanzu ake kira Epstein-Barr, na farko da aka danganta da sankara a jikin mutum. A daidai wannan lokaci Robert Pulvertaft ma ya reni irin waɗannan ƙwayoyi a Ibadan daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, kuma har yau ana aiki da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya.

Sai kuma aka gano cewa bairas ɗin nan ba sauro ke ɗaukarsa ba, ta yawu yake yaɗuwa, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi. To, me ya kawo taswirar sauro? Zazzaɓin cizon sauro ne. Yaron da zazzaɓi ke kamawa a kai a kai tun yana jariri, fararen ƙwayoyin jininsa ba sa hutawa, kullum cikin hayayyafa suke, ga bairas yana ƙara zuga su, har wata rana a sami kuskure, wani yanki na kuromosom na 8 ya ɓalle ya manne a na 14, ƙwayar ta rasa birki. Burkitt ya karɓi wannan bayani na zazzaɓi, ya ƙarfafa shi da hujjar cewa a tsibirin Zanzibar, inda aka yi yaƙi da sauro, ciwon ya yi wuyar gani.

Game da magani, fiɗa ba ta da amfani ga ciwon da ya riga ya bazu, kuma babu na'urar gashi da haske a Yuganda a lokacin. Burkitt ya mai da wannan rashi hujja. Ya shaida wa kamfanonin magani cewa tun da yaransa ba a taɓa yi musu wani magani ba, duk abin da aka gani aikin maganinsu ne, don haka su ba shi kyauta. Hujja ce mai kaifi, ko da yake akwai ɗaci a cikinta, don talaucin marasa lafiya ne ya zama jarinsa. Ya sami methotrexate da cyclophosphamide da vincristine. Abin da ya biyo baya ya girgiza likitoci: ƙarin da ya sauya wa yaro kamanni sai ya narke cikin kwanaki bayan allura ɗaya ko biyu, wasu yaran kuma ciwon bai sake dawo musu ba. Peter Clifford a Nairobi da Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke koyar da fiɗa a Ibadan, su ma sun sami irin wannan nasara. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka, kuma a shekarar aka zaɓi Burkitt cikin Ƙungiyar Masana ta Sarautar Ingila.

Zancen Dusa

A 1966 ya koma Ingila yana aiki da Hukumar Binciken Lafiya. Yana da shekara 55, da ya so da ya zauna ya ci gajiyar sunansa. Sai Richard Doll, wanda ya yi suna wajen danganta taba da sankarar huhu, ya haɗa shi da wani tsohon likitan sojan ruwa, Peter Cleave. Shi Cleave ya daɗe yana cewa yawancin cututtukan Turawa daga tataccen sukari da farin gari suke, amma ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Burkitt ya saurare shi, ya tuna cewa cikin shekara 20 da ya yi yana buɗe cikin mutane a Yuganda da ƙyar yake ganin ciwon afendis, ko tsakuwar matsarmama, ko sankarar babban hanji, alhali su ne abincin yau da kullum na likitan fiɗa a Landan. Sai ya sake ɗauko tsohon makaminsa, ya shiga aika wa asibitocin karkara takardun tambaya wata-wata.

Inda ya sha bamban da Cleave shi ne, shi Cleave ya fi zargin abin da aka ƙara, watau sukari, Burkitt kuwa abin da aka cire ya fi zargi. Duk wanda ya ga ana surfe ya san abin da ake nufi: akwai ƙwaya, akwai dusar da ake bakacewa a ba dabbobi. Injinan niƙa na Turai tun wajen 1880 suka ƙware wajen raba alkama da dusarta sarai. Dusar nan, da harzar da ke cikin wake da ganye da 'ya'yan itace, hanji ba ya narkar da su, saboda haka masana suka daɗe suna ɗaukarsu shara. Burkitt da tsohon abokinsa Trowell, da Alec Walker na Johannasbag, da Neil Painter na Landan, suka ce sharar nan ita ce tsintsiyar hanji. Ba su ji kunyar auna bayan gida ba. A rahotonsu na 1972 sun nuna cewa mutumin ƙauye a Afirka yakan fitar da giram 400 zuwa 500 a yini, kuma abinci kan ratsa cikinsa cikin kamar kwana ɗaya da rabi, Baturen Ingila kuwa ɗan abin da ya haura giram 100 ne, bayan kwana uku ko fiye. A ganinsu daɗewar nan da taurin nan su ke kawo yunƙuri, da basir, da kumburin bangon hanji, su kuma ba abubuwa masu guba damar jimawa suna gogar hanji.

Shi da Trowell sun fitar da littattafai biyu a 1975 da 1981, shi kaɗai kuma ya rubuta wani don talakawa a 1979 wanda ya sami kasuwa ƙwarai. Mai iya magana ne, mai barkwanci. A laccocinsa yakan nuna zanen likitoci suna ta fama da tsumma suna goge ruwan da ya malale a ɗaki, ga famfo a buɗe a bayansu ba wanda ya waiwaya ya rufe.

Shin ya yi gaskiya? A ganina ya yi gaskiya a gindin maganar, ya wuce gona da iri a rassanta. Ya ɗora wa rashin dusa cututtuka da yawa, har da kumburin jijiyoyin ƙafa, waɗanda hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba. Kuma kwatanta ƙauyen Yuganda da birnin Landan yana da haɗari, don ba dusa kaɗai ta raba su ba: akwai nama da mai, akwai aikin ƙarfi, akwai tsawon rai, akwai ma wanda ya mutu a gida ba a san abin da ya kashe shi ba. A shekarar 2000 wasu manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka ba su ga ƙarin dusa ya hana tsiron hanji sake fitowa ba. Amma a 2003 wani bincike da ya bi mutum wajen 500,000 a ƙasashen Turai 10 ya nuna masu yawan cin dusa sun fi kuɓuta daga sankarar babban hanji, kuma wani babban nazari na 2019 ya ƙarfafa shawarar cin giram 25 zuwa 29 a yini.

Abinci da Rayuwar Mai Limfoma

Yanzu sai mu koma ga gwamin da muka ambata da farko. Burkitt bai taɓa cewa dusa na hana limfoma ko tana warkar da ita ba, kuma ba zai yiwu ya faɗa ba, don yaran da ya gani a Mulago da muƙamuƙi a kumbure su ne 'ya'yan mutanen da ya yaba wa abincinsu. Gero da dawa da ayaba da wake suka tashi suna ci. Dusa ba ta tsare su ba, don ciwonsu daga sauro da bairas ya fito.

Duk da haka abinci yana da hannu a zancen wanda zai rayu da wanda ba zai rayu ba, sai dai ta wata ƙofa dabam. A ƙasashe masu arziki yara 9 cikin 10 masu limfomar Burkitt suna warkewa, don ana ba su magunguna masu ƙarfi ƙwarai, ana kuma da jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da za a tallafe su da su. A yawancin asibitocin Afirka kudu da Sahara kuwa, inda ciwon ya fi yawa, waɗanda ke tsira ba su cika wuce rabi ba. Dalilan sun haɗa da makara wajen zuwa asibiti, da yanke magani saboda rashin kuɗi, da kuma tamowa. Yaron da ƙari ya cika masa baki ba ya iya tauna, wanda ya cika masa ciki ba ya jin yunwa, ga ciwon kansa yana cin jiki, ga shi wataƙila tun daga gida ba ƙoshi yake yi ba. Likitocin Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, waɗanda suka daɗe a kan wannan ciwo, sun nuna cewa fiye da rabin yaran da ke zuwa musu da sankara suna cikin tamowa. Sun kuma nuna cewa sikeli yana ruɗi, don nauyin ƙarin yana ɓoye ramar, sai an auna kaurin dantse ake ganin gaskiya. A rahotonsu na 2009 sun ga cewa yaran da suka zo a rame su ne fararen ƙwayoyin jininsu suka fi faɗuwa warwas bayan allura, wanda ke nufin ƙaramar cuta na iya kashe su. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a iya ba su cikakken maganin Turai, dole a rage ƙarfinsa, ragin nan kuwa yana rage yawan masu warkewa. Shi ya sa a can ake haɗa magani da wani abinci mai gina jiki da aka yi da gyaɗa da madara da mai da sukari. Abin lura ne cewa abincin da ke taimakon yaron Burkitt ya jure magani, mai maiƙo da zaƙi, kusan kishiyar wanda Burkitt ya yi wa Turawa wa'azinsa ne.

Game da manya masu sauran ire-iren limfoma, hujjar ba ta kai wannan ƙarfi ba. Wani bincike a kan mata a jihar Connecticut ta Amurka, wanda ya fito a 2010, ya ga cewa waɗanda suka saba cin ganyaye da lemo kafin ciwon ya same su sun ɗan fi daɗewa. Wani a Nebraska, a 2013, bai ga wannan bambanci a jimlace ba. An kuma ga cewa masu ƙarancin bitamin D a jini, a wasu ire-iren ciwon, sun fi saurin mutuwa. Amma irin wannan bincike ɗan'uwan taswirar Burkitt ne, yana nuna abubuwa biyu suna zaune wuri ɗaya, ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Mai cin ganye da lemo sau da yawa shi ne mai hali, mai zuwa asibiti da wuri, wanda ba ya shan taba. Mun kuwa ga yadda taswira ta nuna wa Burkitt sauro daidai, amma ta bar shi ya yi kuskuren abin da sauron ke ɗauke da shi, sai da aka shiga ɗakin bincike aka gyara.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya bar aikin Hukumar Binciken Lafiya a 1976, amma bai bar yawon lacca ba har ya haura shekara 80. Shi da Olive sun zauna a wani ƙauye kusa da garin Stroud a yammacin Ingila. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da rashin girman kai, kuma a rubuce-rubucensa ya yawaita ambaton Cleave da Trowell da likitocin karkarar da suka riƙa cika masa takardun tambaya ba da ko kwabo ba. Cibiyar jinyar limfoma da aka buɗe a Kamfala a 1967, shekara guda bayan tashinsa, ita ce ta girma ta zama Cibiyar Sankara ta Yuganda. Ciwon shanyewar jiki ya same shi, ya rasu a Gloucester ran 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82, aka binne shi a ƙauyen Bisley.